Yadda Ake Zaɓa Wa Sandar Gora Igiyar Fatsar Ƙwaro

Tambaya ɗaya ce masu karatu ke ta maimaitawa, daga Yauri, Argungu da Bagudo, har da wasu 'yan Talata Mafara masu zuwa Bakolori: mutum ya samu sandar gora ta fatsar ƙwaro, ko a kayan gwanjo ko wani ɗan'uwa ya kawo masa tsaraba daga waje, ga kwarkwaron naɗi a jiki, amma babu igiya, ko akwai ta amma ta bushe ta tsattsage. Wace iri zai saya?

A wannan fatsa babu tana, babu darma. Ƙugiya ce ake naɗe wa gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro ko ɗan kifi, kuma ba ta da nauyin da za ta ja zare zuwa tsakiyar ruwa. Nauyin yana jikin igiya. Ita ke lanƙwasa sanda, sanda ta miƙe ta harba ta, ita kuma ta ja ƙwaron. Don haka sandar da ke hannunka ce ke faɗin igiyar da take so, sai kuma zafin Kebbi ya sa baki. Abin da aka rubuta a kwali yana zuwa ne a ƙarshe.

Ka tanadi tef ɗin awo, ƙaramin ma'aunin gram irin na 'yan gwal, alƙalamin maka na sa alama, ɗan curin auduga da tabarau.

1. Karanta jikin sandar

Irin wannan sanda ba gora ɗaya ba ce da aka saro. Tsage gora ake yi, a fere ta sili shida, a manne su da gam, shi ya sa idan ka murza ta a yatsa za ka ji kusurwa shida. Mafi yawansu da gorar Tonkin ake yi, wadda ake nomawa a kudancin ƙasar Sin. Duba saman mariƙi kaɗan, nan maƙerin ke rubutu. Idan ka ga 8' #6, tsawonta ƙafa 8 ne, igiyarta lamba 6. Idan ka ga 5/6, tana ɗaukar biyun.

Tsofaffin sanduna haruffa suke ɗauke da su, domin a zamaninsu kaurin igiyar siliki ake aunawa. HEH ta yi kusa da lamba 5 ta yanzu, HDH lamba 6, HCH lamba 7, GBG lamba 8. Idan rubutun ya goge, fara da kintace: mai ƙafa 7 galibi lamba 4 ce, mai ƙafa 8 lamba 5 ko 6, mai ƙafa 9 daga 6 zuwa 8. Gwajin mataki na 7 ne zai tabbatar.

Gargaɗi: kafin ka kashe ko kwabo, haɗa sandar ka kaɗa ta a hankali kusa da kunnenka. Idan ka ji ƙas-ƙas, mahaɗin ƙarfe ya saki ko gam ya buɗe tsakanin silin. A gyara tukuna. Kuma wajen haɗawa da rabawa, turawa ake yi a miƙe, a zare a miƙe. Murɗawa ita ke kashe sandar gora.

2. Duba zobban

Mutane da yawa suna tsallake wannan, su dawo suna zagin igiya. Zobban da igiya ke bi ta cikinsu a jikin tsohuwar sanda ƙanana ne, an yi su ne domin siliki, wanda ya fi igiyar roba ta yanzu siranta a nauyi ɗaya. Ka zura igiya mai kauri a cikinsu, za ta shiga, amma ba za ta gudu ba. Kana wurgawa tana cijewa.

Ja auduga ta cikin kowane zobe, musamman na can bakin sanda. Idan ta maƙale ko ta bar gashi, zoben ya ci, yana da kaifi, kuma zai fere sabuwar igiyarka. A sauya shi. Idan ka ga zobban matsattsu ne, ka riƙe wannan a ranka: siririyar igiya za ka nema.

3. Lambar nauyi, da dalilin da zai sa ka auna da kanka

Tun farkon shekarun 1960 masu ƙera kayan fatsa a Amurka suka tsayar da ma'auni guda: ana auna nauyin ƙafa 30 na farkon igiya, wato mita 9.14, a ba shi lamba.

Lamba 4: gram 7.8
Lamba 5: gram 9.1
Lamba 6: gram 10.4
Lamba 7: gram 12
Lamba 8: gram 13.6

Tazarar ba ta da yawa, gram ɗaya da 'yan kai, amma hannu yana jin ta sarai.

Wace lamba ta dace da ruwanmu? Ƙarfasa da kawara a gefen fadama, lamba 4 ko 5 ta isa. Mai son sanda ɗaya ta yi masa komai a Gulbin Kebbi ko gaɓar Neja, lamba 6 ce a ganina, domin tana iya ɗaukar ƙwaro mai ɗan girma kuma iska ba ta wasa da ita sosai. Tsage matsakaici yana son 7 ko 8. Giwan ruwa kuwa ka cire shi daga lissafi. Masu nemansa da ƙwaro suna amfani da lamba 10 zuwa 12 a kan sandunan zamani, ba aikin tsohuwar gora ba ne. Amma fa kifin da kake so ba ya sauya lambar sandarka. Idan taka lamba 5 ce, ka nemi kifin lamba 5.

Gargaɗi: yawancin sandunan zamani tauri gare su, saboda haka kamfanoni da dama suna ƙara wa igiya rabin lamba, wani lokaci lamba guda cur, su bar tsohon rubutu a kwali. Gora mai laushi ce, tana lanƙwasawa har kusa da mariƙi, kuma nauyin jikinta ma yana taya ta lanƙwasa. Ƙarin nauyin nan yana sa ta yi sanyi, bakinta ya riƙa rawa. Ka nemi wadda aka rubuta cewa nauyinta daidai yake da ma'auni. Idan ta iso, auna mita 9.14 daga baki, ka sa alama da maka, ka naɗe wannan sashe ka ɗora a ma'auni, sauran igiyar kuma ka ajiye ta a kan wani abu mai tsayi ɗaya da ma'aunin don kada ta ja. Ɗan bambanci na rabin gram ba komai ba ne. Idan an rubuta 6 ka ga gram 12, lamba 7 ce aka sayar maka.

4. Siffar igiya: DT ko WF

A kwali za ka ga rubutu kamar DT6F ko WF6F. Haruffan farko siffa ce, lambar tsakiya nauyi, harafin ƙarshe kuma yana faɗin ko tana iyo ko tana nutsewa.

DT siririya ce a bakin nan, siririya a wancan, tsakiyarta mai kauri ɗaya mai tsawo. WF kuwa an tara nauyinta a gaba, sauran jikinta siriri ne domin ya bi ta zobba da gudu. A tazarar mita 9 ko 10 ta farko kusan abu ɗaya suke yi. Bambancin yana fitowa bayan nan.

DT tana sauka a ruwa a hankali, tana da daɗin sarrafawa, kuma ita ce gwana a wurin da ba ka da filin baya, kamar inda itatuwa ko dogayen ciyayi suka tokare ka, sai dai ka mirgino igiyar a kan ruwa ka tura ta gaba. Ga kuma ribar aljihu: idan baki ɗaya ya tsufa, ka juya ta, ɗaya bakin sabo ne. Aibinta tana cin wuri a kwarkwaro. WF ta fi ta a buɗaɗɗen ruwa irin na Yauri, inda iska ke kaɗawa kuma kana son nisa.

Ni dai ga gora DT nake fifitawa, ko WF mai dogon gaba. Wadda zan hana ka ita ce WF mai gajeren kai mai nauyi, irin da ake tallatawa da cewa wurgi ɗaya take kai ka nesa. Fizga take yi, gora kuma ba ta son fizga.

5. Mai iyo ko mai nutsewa

F mai iyo, I mai nutsewa sannu a hankali, S mai nutsewa sosai. Igiyarka ta farko ta zama F. Ƙarfasa da kawara a sama-sama da bakin ciyawa suke kiwo, kuma kana ganin inda igiyarka take. Ɗago nutsattsiyar igiya daga ƙarƙashin ruwa aiki ne mai nauyi da ke gajiyar da bakin gora har ya karkace ya ƙi komawa. Idan kana son ƙwaro ya ɗan yi ƙasa, ƙara tsawon wutsiyar nailan, wato siririn zaren da ke tsakanin igiya da ƙugiya, ka sa ƙwaro mai ɗan nauyi. Mai neman tarwaɗa a can cikin laka kuwa, fatsar tana ta fi masa sauƙi.

Launi bai kai a tsaya a kansa ba. Masunci ya ga igiyar nan mai kauri da launin lemo sai ya yi dariya: "Wagga ai igiyar ɗaurin akuya ta, ɗana." Yana da gaskiya da a ce ita ke kai wa kifi. Abin da ke kusa da ƙugiya siririn nailan ne mai tsawon mita uku ko kusa da haka. Ɗauki launin da idonka ke gani a kan ruwa.

6. Zafi

Nan ne shawarar da ake karantawa daga Turai da Amurka ke yaudarar mutumin Kebbi. Igiyoyin da aka fi yaba wa sandar gora a can an yi su ne domin ruwan sanyi. Cikinsu saƙaƙƙen zare ne mai laushi, bayansu roba mai laushi, don kada su ƙage a sanyi. Kawo irinsu Birnin Kebbi a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ka shimfiɗa a cikin kwale-kwale: sai ta yi laƙwas, ta yi danƙo, ta manne wa zobba, ta harɗe a ƙafarka.

Akwai waɗanda aka yi domin ƙasashe masu zafi, za ka ga an rubuta Tropical a kwalinsu. Cikinsu da bayansu sun fi tauri, rana ba ta narkar da su. Sai dai su ma da nasu. Galibi daga lamba 6 suke farawa zuwa sama, da yawansu an ƙara musu nauyi, wasu kuma kauri gare su, ga ƙananan zobban da muka yi magana. Da safiyar hunturu kuma, idan sanyi ya sauka, sai su fito daga kwarkwaro a nannaɗe, dole ka ja su tsakanin hannuwanka gaɓa-gaɓa kafin su miƙe.

To, ya za a yi?

Idan sandarka lamba 6 ce zuwa sama kuma zobbanta na da faɗi, nemi ta ƙasashe masu zafi, mai dogon gaba, wadda nauyinta bai zarce ma'auni ba. Ita za ta yi maka bazara da damina.

Idan lamba 4 ko 5 ce, ko zobban ƙanana ne, sai siririyar igiyar roba da aka yi domin gora, kamar Cortland Sylk, ko wata DT ta gargajiya kamar Cortland 444. Amma ka san lokacinta: daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, sai kuma sassafe da bayan la'asar a sauran watanni. Dama da tsakar rana kifin kan yi ƙasa. Ka riƙa ajiye rarar igiyar a cikin roba mai ɗan ruwa maimakon kan katakon jirgi da rana ta gasa.

Na uku siliki na gaske. Zafi ba ya sa shi danƙo irin na roba, sanyi ba ya ƙagar da shi, siriri ne, yana ratsa iska, kuma domin shi aka yi tsofaffin zobban. Amma yana son hidima. Kafin fita sai ka shafa masa man da ke sa shi iyo, Mucilin mai jan gwangwani aka fi sani. Bayan 'yan sa'o'i zai sha ruwa ya fara nutsewa. Ka dawo gida dole ka warware shi duka ka shanya a inuwa, in ka bar shi a jiƙe a kwarkwaro ruɓewa zai yi. Sabo kuma yana zuwa da tauri, sai an yi ta aiki da shi yake laushi. Ƙara da ƙurar hunturu da ke manne wa man, ta koma tana goge zobba. Wanda ya san ba zai iya shanya igiya duk dawowa ba, kada ya fara.

7. Gwaji kafin babbar sayayya

A inda masu wannan fatsa ke da yawa, aro ake yi a gwada. A nan da wuya ka samu mai ba ka aro, don haka dabarar ita ce ka sayi masu araha guda biyu, lambar da kake zato da ta kusa da ita. Ka auna su a ma'auni don ka san ainihin nauyinsu.

Je bakin ruwa. Ɗaura wutsiyar nailan, a bakinta ka ɗaura ɗan ulu maimakon ƙugiya, ka sa tabarau. Fito da igiya har alamar mita 9 ta zo bakin sanda, ka wurga gaba da baya a natse, kana jiran igiyar ta miƙe a bayanka kafin ka dawo da ita. Idan ba ka jin nauyinta a hannu, sai ka yi ta sauri da ƙarfi kafin ta tafi, ta yi wa sandar sauƙi. Idan sandar na lanƙwasawa har cikin mariƙi, bakinta na rawa bayan ka tsaya, igiyar na faɗuwa ƙasa a bayanka, ta yi nauyi. Wadda ta dace za ka ji ta ɗan ja ka a baya, ka tura kaɗan, ta miƙe ta kwanta.

Sai ka gwada a tazarar da za ka fi yin su. Mai kamu a ƙananan rafuka, mita 5 zuwa 7, igiya kaɗan ce ke waje, don haka yana iya hawa lamba ɗaya. Mai son nisa ya tsaya a lambar sandar ko ya sauka ɗaya.

Gargaɗi: kada ka yi gwajin nan a kan yashi, tsakuwa ko kwalta, fatar igiyar za ta kakkarce. Duba sama ko akwai wayar lantarki, duba baya saboda yara, domin sai sun taru. Idan a Argungu kake, ka tuna Matan Fada ruwa ne mai masu shi, ana killace shi domin biki. Nemi izinin Sarkin Ruwa da mutanensa kafin ka jefa komai. A ko'ina ma gaida masuntan wuri ka tambaye su, su suka san inda dorina take.

8. Kuɗi

Da wuya ka ga wannan igiya a shagunan kayan su na kasuwanninmu. Ta intanet ake saye ko a ba mai dawowa daga waje saƙo. Farashin da dala yake, sai ka lissafa da canjin ranar, ka ƙara kuɗin kawowa. Masu araha na ƙasar Sin suna kaiwa dala 10 zuwa 20. Na sanannun kamfanoni irin su Cortland, Rio, Scientific Anglers da Airflo daga wajen dala 50 ne zuwa sama da 100. Siliki mai kyau ya fi wannan tsada nesa.

An ce araha ba ta ado, amma ga mai koyo mai arahar ta wadatar, tunda zai taka ta, ya maƙala ta a ƙaya. Abin da zan ce ka guje wa shi ne igiyar gwanjo da ba ka taɓa da hannu ba. Idan tana gabanka, lanƙwasa ta ka duba: ƙananan tsaga a fatarta na nufin za ta sha ruwa ta nutse.

9. Ɗaurawa

Zaren shimfiɗa, wanda ke zama a ƙarƙashin igiya, ake fara naɗawa a kwarkwaro, saƙaƙƙen zaren roba da ake kira Dacron mai ƙarfin laba 20, mita 50 zuwa 100 gwargwadon wuri. DT ta fi cin wuri, sai ka rage shimfiɗar. Igiyar kanta kusan mita 27 ce. Idan an gama naɗi a bar 'yar rata tsakaninta da bakin kwarkwaro don kada ta riƙa gogawa.

Gargaɗi: WF tana da gaba da baya. Dogon siririn sashen shi ke zuwa kwarkwaro, kuma yawanci akwai 'yar takarda a wannan bakin. Ka juya ta, ba za ta wurgu ba ko kai wane ne. Wajen naɗi kuma zura fensir a tsakiyar faifan da ta zo a kai, wani ya riƙe, faifan na juyawa kana naɗawa. In ka ajiye shi a ƙasa kana zarowa ta gefe, murɗewa za ta yi.

Wutsiya kana iya haɗa ta da nailan na kasuwa: mita ɗaya da rabi na mai kaurin milimita 0.50, rabin mita na 0.40, rabin mita na 0.30, sai kamar santimita 60 na 0.22 a ƙarshe domin ƙarfasa. Siririn ƙarshen nan shi ya kamata ya fi komai rauni, don in ƙugiya ta maƙale shi zai tsinke, ba igiya ko sanda ba. In ta maƙale ɗin, ajiye sandar ka ja igiyar da hannu. Domin tsage, ƙara siririyar waya mai tsawon tafin hannu kafin ƙugiya, haƙoransa ba sa barin nailan.

Mahaɗin igiya da wutsiya ya zama siriri. Sababbin igiyoyi suna zuwa da ɗan zobe a baki, kuma a ƙaramin zoben bakin gora yakan maƙale daidai lokacin da kifi ya zabura, a nan ake karya baki. Idan ka ga yana cijewa, yanke shi ka yi ƙullin ƙusa: kwantar da ƙusa a jikin bakin igiyar, naɗa nailan sau biyar ko shida a kansu, zura bakinsa ta gefen ƙusar ya koma ƙarƙashin naɗin, zare ƙusar, ka jiƙa, ka ja, ka datse saura.

10. Kula da ita

Fetur, maganin sauro na shafawa da zafin cikin mota su ne manyan maƙiyan igiyar roba. A jirgi mai inji kada ta taɓa ruwan da ke kwance a ƙasa, akwai mai a ciki. Bayan fita biyu ko uku a ruwan damina mai laka, ja ta cikin tsumma da ruwan sabulu mai sauƙi, ban da garin wanki, ka ɗauraye. Idan za ta daɗe ba aiki, cire ta ka naɗe da faɗi ka rataye a ɗaki mai inuwa. Sandar ma a goge ta ta bushe kafin ta shiga jaka, kuma kada a jingine ta a bango ta kwana.

11. Wanda gorarsa ta gida ce

Wasu masu tambayar ba su da ta waje, gorar daji ce da aka busar aka miƙar da wuta, babu zobba, babu kwarkwaro. Ita ma tana wurga ƙwaro, sai dai igiyar a bakin sanda ake ɗaure ta, tsawonta daidai da na sandar ko ya ɗara kaɗan. Lambobin mataki na 3 ba su shafe ka ba. In ka samu guntun tsohuwar igiyar lamba 3 ko 4, yanki mita uku zuwa huɗu daga siririn sashenta. In babu, tufka nailan 0.30: sili uku daga bakin sanda zuwa rabi, sili biyu zuwa kusa da ƙarshe, sannan sili ɗaya na 0.22 kamar mita guda. Tufkar ce ke ba ta nauyin da za ta miƙe.

Kada ka ɗaure a can tsinin kaɗai. Fara ɗaurin daga gaɓa ta biyu ko ta uku, ka bi da zaren kana naɗawa har baki, ta yadda in tsinin ya karye, igiya da kifi suna nan a hannunka.